Ku Tambaya Mu Amsa: Cike Gurbin Alƙali a Kotun Ƙolin Amurka Idan Zaɓe Ya Ƙarato

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun taru ne a kan batu ɗaya, wato rikicin da ke tashi tsakanin jam'iyyun Republican da Democrat duk lokacin da kujera ta faɗi a Kotun Ƙolin Amurka ana dab da zaɓen shugaban ƙasa. Sau biyu hakan ta faru cikin shekara biyar. Mai shari'a Antonin Scalia ya rasu ranar 13 ga Fabrairun 2016, saura kwana 269 a yi zaɓe, Majalisar Dattawa ta ƙi ko duban wanda Shugaba Barack Obama ya gabatar. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta rasu ranar 18 ga Satumban 2020, saura kwana 46, majalisar ta cike gurbinta kafin ranar zaɓe. Mun taƙaita tambayoyin, wasu kuma mun haɗe su wuri ɗaya.

Wani malamin sakandare mai koyar da darasin gwamnati ya rubuto: Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun tambaye ni ko akwai dokar da ta hana shugaban Amurka naɗa alƙalin Kotun Ƙoli a shekarar zaɓe. Don Allah me kundin tsarin mulkinsu ya ce?

Wa alaikumus salam, Malam. Babu wannan dokar. Babi na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka ya raba aikin gida biyu: shugaban ƙasa ne ke gabatar da suna, sannan ya naɗa mutumin bisa shawara da amincewar Majalisar Dattawa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ware shekarar zaɓe ba, kuma ikon shugaba yana nan cif har tsakar ranar 20 ga Janairu da zai sauka. Ko wanda ya sha kaye a zaɓe yana iya naɗawa kafin ya tattara komatsansa. John Adams ya faɗi zaɓen 1800, amma a Janairun 1801 ya gabatar da John Marshall a matsayin babban joji, kuma Marshall ya riƙe kujerar har 1835.

Abin da ya kamata ɗalibanka su riƙe shi ne ɗaya gefen: kundin bai ɗora wa majalisar wa'adin da za ta ce e ko a'a ba, bai ma ce dole ta kaɗa ƙuri'a ba. Sanatoci 100 ne, amma mutum biyu ke riƙe da makullin. Shugaban kwamitin shari'a shi ke sa ranar zaman tantancewa, shugaban masu rinjaye kuma shi ke tsara abin da za a kawo zauren majalisa. Idan su biyun suka naɗe hannu, suna zai zauna a kan tebur har majalisar ta kammala zangonta, daga nan a mayar wa shugaban ƙasa da takardarsa.

Haka aka yi a 2016. A ranar da Scalia ya rasu, shugaban masu rinjaye Mitch McConnell ya ce a bar gurbin sai an samu sabon shugaba, domin jama'a su sa baki ta hanyar ƙuri'arsu. Ranar 16 ga Maris Obama ya gabatar da Merrick Garland, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, ɗan shekara 63, wanda sanatocin ɓangarorin biyu suka amince da shi a 1997 da ƙuri'a 76 da 23. Shugaban kwamiti Chuck Grassley bai kira zama ba. 'Yan Republican na da kujeru 54, ba mai tilasta musu. Sunan ya kwana 293 a majalisa, ya faɗi ranar 3 ga Janairun 2017.

Wata ɗalibar shari'a ta tambaya: Waɗanne matakai ake bi daga gabatar da suna zuwa rantsarwa, kuma kwana nawa suke ci? Ina so in gane ko an tsallake wani mataki a 2020.

Malama, kusan duk matakan al'ada ce da dokokin cikin gida na majalisa, kundin tsarin mulki bai lissafa su ba. Wannan ya sa masu rinjaye ke iya miƙar da su ko su naɗe su.

Da farko fadar White House na aika sunan a rubuce, a miƙa wa kwamitin shari'a. Kwamitin zai ba wanda aka gabatar doguwar takardar tambayoyi: tarihin aikinsa, duk hukuncin da ya taɓa rubutawa, laccoci da maƙaloli, dukiyarsa da basussukansa. A daidai lokacin hukumar FBI na binciken rayuwarsa ta miƙa rahoton sirri, ƙungiyar lauyoyin Amurka kuma ta ba shi maki ɗaya cikin uku: ya cancanta ƙwarai, ya cancanta, ko bai cancanta ba. Makin nan shawara ce kawai. Shi kuwa zai riƙa zagaya ofisoshin sanatoci ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa da su.

Sai zaman tantancewa a bainar jama'a, wanda ya saba cin kwana huɗu. Ranar farko jawabai ne. Kwana biyu na tsakiya tambayoyi, kowane sanata da minti 30 a zagayen farko, minti 20 a na biyu. Rana ta ƙarshe ta shaidu ce daga waje, masu goyon baya da masu suka. Akwai kuma zama a asirce kan rahoton FBI, da tambayoyin da ake aikawa a rubuce daga baya. Bayan haka kwamiti zai sa batun a ajanda, kuma marasa rinjaye na da damar neman a ɗage shi mako ɗaya, ba sa kuma barin damar ta wuce su. A al'ada ko kwamiti bai gamsu da mutum ba yakan tura sunansa zaure don kowa ya yi ƙuri'a. Robert Bork ya je zaure a 1987 duk da kwamiti ya ƙi shi da 9 da 5, Clarence Thomas ma ya je a 1991 bayan an yi kunnen doki 7 da 7. Wannan al'adar ce ta sa abin da aka yi wa Garland ya yi wa mutane zafi.

A zaure ana shigar da buƙatar rufe muhawara. Idan ta samu rinjaye, sai a ƙara muhawarar da ba ta wuce awa 30 ba, sannan ƙuri'ar ƙarshe, wadda rinjaye mafi ƙanƙanta ya isa. Idan aka yi 50 da 50 mataimakin shugaban ƙasa na da ƙuri'ar raba gardama. Daga nan shugaba ya sa hannu a takardar naɗi, sabon alƙali ya yi rantsuwa biyu, ta kare kundin tsarin mulki da ta aikin shari'a.

Tun tsakiyar shekarun 1970, matsakaicin lokacin da ake ɗauka wata biyu ne da 'yan kwanaki. Na Amy Coney Barrett ya tafi kamar haka: Shugaba Donald Trump ya sanar da sunanta ranar 26 ga Satumba, aka yi zaman tantancewa daga 12 zuwa 15 ga Oktoba, kwamiti ya yi ƙuri'a ranar 22, zaure ya amince da ita ranar 26 da ƙuri'a 52 da 48, saura kwana 8 zaɓe. Wata ɗaya cur. An bi matakan, an dai matse su. Abin da ya sauƙaƙa shi ne an riga an tantance ta a 2017 lokacin da za ta shiga kotun ɗaukaka ƙara, kuma shekara uku kawai ta yi tana alƙalanci, don haka takardun da za a karanta ba su da yawa. Wuri ɗaya da aka taka doka a fili shi ne kwamiti: dokarsa ta ce sai da mutum biyu daga marasa rinjaye kafin a zartar da wani abu, 'yan Democrat suka ƙaurace wa zaman, shugaban kwamiti Lindsey Graham ya ci gaba, aka tashi 12 da babu. Saurin kansa ba sabon abu ba ne, don John Paul Stevens bai cika mako uku ba a 1975. Sabon abin shi ne kusancin da ranar zaɓe, a lokacin da sama da mutum miliyan 50 sun riga sun kaɗa ƙuri'arsu ta wuri.

Masu karatu da dama sun yi wannan tambayar, kowa da irin lafazinsa: A 2016 an ce a jira zaɓe, a 2020 an ce ba sai an jira ba. Tsakani da Allah wa ke da gaskiya?

Bari mu fara da hujjar kowane ɓangare kamar yadda masu ita suka kawo ta.

McConnell ya ce ƙa'idarsa ba ta sauya ba. A cewarsa, a 2016 shugaban ƙasa na jam'iyya ɗaya, majalisa na wata, wato jama'a sun raba iko, sai a koma gare su su raba gardama. A 2020 kuwa fadar shugaba da majalisa duk a hannu ɗaya suke, babu gardamar da za a raba. Ya kafa hujja da tarihi: rabon da majalisar da ke hannun 'yan adawa ta amince da alƙali a gurbin da ya faɗo cikin shekarar zaɓe tun 1888, lokacin da Grover Cleveland ya gabatar da Melville Fuller. 'Yan Republican sun kuma tono jawabin da Joe Biden ya yi a Yunin 1992 yana shugaban kwamitin shari'a, inda ya ce idan gurbi ya samu a tsakiyar kakar zaɓe ya kamata a dakata sai an gama.

'Yan Democrat suka ce wannan sharaɗin na rabuwar iko ba shi aka riƙa faɗa wa jama'a a 2016 ba. Abin da aka yi ta maimaitawa shi ne a bar masu zaɓe su yanke. Graham da bakinsa ya ce a 2016 a riƙe maganarsa a yi masa hujja da ita idan gurbi ya faɗo a shekarar ƙarshe ta shugaba ɗan Republican, ya sake nanata hakan a 2018, sai ga shi shi ya jagoranci zaman 2020. Sun kuma nuna Anthony Kennedy, wanda majalisar da ke hannun Democrat ta amince da shi a Fabrairun 1988 da ƙuri'a 97 ba hamayya, a shekarar ƙarshe ta Ronald Reagan. Game da jawabin Biden, sun ce babu gurbi a lokacin, kuma ba a taɓa aiki da shi ba.

Kowane misali a nan yana da tawaya, kuma ya kamata a faɗe ta. Gurbin da Kennedy ya cike ya faɗo ne tun Yunin 1987, shi ne mutum na uku da aka gabatar bayan an kayar da Bork da 58 da 42, na biyun kuma ya janye. Maganar 1888 gaskiya ce, amma dalilinta shi ne irin wannan yanayin bai cika faruwa ba. Lokutan da gurbi ya faɗo a shekarar zaɓe a ƙarni na 20, kamar 1912 da 1916 da 1932, shugaba da majalisa jam'iyyarsu ɗaya, aka cike ba jira. Ana yawan kawo Abraham Lincoln, wanda babban joji Roger Taney ya rasu a zamaninsa ranar 12 ga Oktoban 1864 bai gabatar da Salmon Chase ba sai Disamba. Sai dai majalisar ba ta zama a lokacin, ko ya aika suna ba mai karɓa. A 1968 kuma Lyndon Johnson ya so ɗaga Abe Fortas zuwa babban joji, majalisar da ke hannun jam'iyyarsa ta kasa rufe muhawara, ƙuri'a 45 da 43, aka janye sunan, Richard Nixon ya zo ya cike kujerar. Amma a can har da 'yan jam'iyyar Johnson na kudu aka yi masa taron dangi, ga kuma zargin karɓar kuɗin lacca da ya dabaibaye Fortas. Idan aka koma ƙarni na 19, John Tyler a 1844 da Millard Fillmore a 1852 kowannensu ya sauka ya bar kujera ɗaya da majalisa ta ƙi cikewa da sunayen da ya aika.

Ga ra'ayinmu. A doka, abin da aka yi a 2016 halal ne, na 2020 ma halal ne. Tarihi bai nuna wata tsayayyiyar ƙa'ida ta jiran zaɓe ba, abin da ya nuna shi ne mai rinjaye a Majalisar Dattawa shi ke yanke magana. Amma ba za mu ce ɓangarorin sun yi daidai da juna a wannan karon ba. Sanatan da ya ce wata tara ya yi kusa da zaɓe, sannan ya dawo ya ce mako shida bai yi kusa ba, ya saɓa wa dalilin da ya ba jama'a, kuma wannan ya fi ƙin Garland ɗin kansa illa. Da an kira shi an tantance shi an kayar da shi a zaure, da kowane sanata ya ɗauki alhakin ƙuri'arsa a gaban mutanen jiharsa. Su ma 'yan Democrat bakinsu ya juya: waɗanda suka ce a 2016 wajibi ne majalisa ta yi aikinta su ne suka ce a 2020 a jira. Bambancin shi ne su ba su da ƙuri'un da za su aiwatar da ko ɗaya daga cikin biyun.

Wani ɗan jarida mai tasowa ya ce: Na karanta cewa a da sai da ƙuri'a 60. Yaya aka yi ta koma 51?

Ƙuri'ar amincewa ba ta taɓa buƙatar 60 ba, ɗan'uwa. Rufe muhawara ne ya buƙaci 60 daga 1975 zuwa 2017, kuma muddin ba a rufe ta ba ba za a kai ga ƙuri'ar ƙarshe ba. Saboda haka a lokacin sanatoci 41 na iya riƙe suna. Ba a cika amfani da wannan makami a kan Kotun Ƙoli ba, amma sanin yana nan ya sa shugabanni kan nemi wanda wasu daga ɗaya ɓangaren za su iya haɗiyewa. Scalia ya samu 98 ba hamayya a 1986, Ginsburg ta samu 96 da 3 a 1993. A 2006 wasu 'yan Democrat, har da Obama yana sanata, sun gwada riƙe Samuel Alito, ba su yi nasara ba.

An rushe katangar ne a zango biyu. Ranar 21 ga Nuwamban 2013, bayan 'yan Republican sun riƙe mutanen da Obama ya gabatar wa kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, shugaban masu rinjaye Harry Reid ya sauya fassarar dokar da ƙuri'a 52 da 48, ya cire sharaɗin 60 ga alƙalan ƙananan kotuna da muƙaman gwamnati, ya bar Kotun Ƙoli. McConnell ya gargaɗe shi a lokacin cewa za su yi da-na-sani. A Afrilun 2017 'yan Democrat suka riƙe Neil Gorsuch, wanda Trump ya gabatar a kujerar Scalia, aka samu 55 kawai wajen rufe muhawara. Ranar 6 ga wata McConnell ya bi hanyar da Reid ya share, washegari aka amince da Gorsuch da 54 da 45. Dubi ƙuri'un da suka biyo baya ka ga sakamakon: Brett Kavanaugh 50 da 48 a 2018, Barrett 52 da 48, Ketanji Brown Jackson 53 da 47 a 2022.

Wata mai karatu ta tambaya a taƙaice: Me ya hana Obama naɗa Garland lokacin da majalisa ke hutu? Kuma me ya sa ba a bari sai bayan zaɓen 2020 ba, tunda Trump na nan har Janairu?

Hajiya, kundin ya ba shugaba ikon cike gurbi na wucin gadi idan majalisa na hutu, kuma Dwight Eisenhower ya yi haka da William Brennan a Oktoban 1956. Amma a 2014 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hutun da bai kai kwana 10 ba bai isa ba, kuma majalisa ce ke faɗin ko tana hutu. Sai sanatoci suka riƙa turo mutum ɗaya duk bayan kwana uku ya buɗe zama ya rufe cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ko da ma an samu kafa, irin wannan naɗin yana ƙarewa ne a ƙarshen zaman majalisa na gaba.

Tambayarki ta biyu lissafi ne. Tsohuwar majalisa na nan har 3 ga Janairu, don haka a doka ana iya yi bayan zaɓe. Amma 'yan Republican 53 ne, Susan Collins ta riga ta ce ba da ita ba, Lisa Murkowski ma ta nuna rashin jin daɗi da lokacin. Ga zaɓen cike gurbi a Arizona, wanda mai nasara ba ya jiran Janairu, kuma Mark Kelly na Democrat ya ci aka rantsar da shi ranar 2 ga Disamba. Ga annobar korona da ta kama wasu 'yan kwamitin a farkon Oktoba, alhali ba a yin ƙuri'ar zaure daga gida. Sannan sanatan da jam'iyyarsa ta sha kaye zai fi jin nauyin yin naɗin a idon jama'a. Duk kwanan da aka ƙara, ƙuri'a ɗaya na iya zamewa.

Wani ma'aikacin kotu ya rubuto: Idan alƙalai takwas suka rage, kotun na iya zama? Idan suka rabu huɗu da huɗu fa?

Tana zama, Malam, domin shida sun isa a yi shari'a. Idan aka yi kunnen doki, hukuncin ƙaramar kotun da ƙarar ta fito shi ke tabbata, ana fitar da sanarwa mai layi ɗaya ba tare da dalilai ba, kuma ba ta zama abin kafa hujja a sauran ƙasar ba. Matsalar a nan take: babban aikin kotun shi ne daidaita saɓani tsakanin kotunan ɗaukaka ƙara, to idan ta kasa, dokar tarayya ɗaya sai ta riƙa aiki da fassara biyu a yankuna biyu.

An gani a 2016. A Maris aka yi huɗu da huɗu kan ko za a tilasta wa ma'aikatan gwamnati da ba 'yan ƙungiyar ƙwadago ba biyan kuɗin wakilci, ƙungiyoyin suka tsira. Da Gorsuch ya shigo, aka dawo da batun a 2018 aka kayar da su da 5 da 4. A Yunin 2016 wani kunnen dokin ya bar umarnin wata kotu a Texas da ya dakatar da shirin Obama na jinkirta korar baƙin haure kimanin miliyan huɗu. A Oktoban 2020 ma, kafin Barrett ta shiga, an yi huɗu da huɗu kan ƙarin kwana uku na karɓar ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya a Pennsylvania, ƙarin ya tabbata. Kujerar Scalia ta fi kwana 400 ba kowa, kuma a wannan tsakanin alƙalan sun rage karɓar manyan ƙararraki, wasu kuma suka mayar da su ƙasa ba tare da yanke asalin maganar ba.

Wani dattijo mai bibiyar labaran duniya ya ce: Ni abin da ya ɗaure mini kai, kujera ɗaya ce cikin tara. Me ya sa ake tada jijiyar wuya haka, kuma ina mafita?

Ranka ya daɗe, saboda kujerar ba ta da wa'adi. Alƙalin Kotun Ƙoli na nan har ya rasu ko ya ajiye da kansa. Tsige shi sai da kashi biyu cikin uku na sanatoci, kuma ba a taɓa cire ko ɗaya ta wannan hanyar ba. Samuel Chase kaɗai aka gurfanar, aka wanke shi a 1805. Shi ya sa ake zaɓo masu sauran ƙarfi: Gorsuch na da shekara 49, Barrett 48, Thomas 43. Shugaba na yin shekara huɗu ko takwas, wanda ya naɗa na iya yin talatin. Rabon kuma ba shi da tsari: Jimmy Carter ya yi shekara huɗu bai naɗa ko ɗaya ba, Trump ya naɗa uku a zangonsa na farko. Masu ajiye aiki sukan daidaita lokacin da shugaban da suke so, kamar Kennedy a 2018 da Stephen Breyer a 2022, don haka mutuwa ce kusan kaɗai ke sauya kujera daga wannan ɓangare zuwa wancan. Da Garland ya gaji Scalia, da masu sassaucin ra'ayi sun zama biyar. Da Barrett ta gaji Ginsburg, masu ra'ayin riƙau suka zama shida da uku, kuma a Yunin 2022 aka soke hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar, da ƙuri'un alƙalai biyar, uku daga ciki naɗin Trump. Sai dai kada a ɗauka alƙali ɗan amshin shatan wanda ya naɗa shi ne. A Disamban 2020 kotun ta yi watsi da ƙarar da Texas ta shigar don soke sakamakon zaɓe a jihohi huɗu, a 2021 kuma Barrett na cikin bakwai da suka kori ƙarar da ke neman rushe dokar inshorar lafiya ta Obama.

Mafita uku ake tattaunawa. Ta farko ƙara yawan alƙalai. Wannan doka ce kawai ta majalisa, don adadin ya fara da shida a 1789, ya kai goma a 1863, aka rage shi a 1866 har Andrew Johnson ya rasa kujerar da ya so cikewa, ya tsaya a tara tun 1869. Franklin Roosevelt ya nemi kai shi har 15 a 1937, 'yan jam'iyyarsa suka kashe ƙudurin. A 2021 wasu 'yan Democrat sun kawo na 13, bai je ko'ina ba. Ba mu goyon bayan wannan, domin duk wanda ya ƙara huɗu ya koya wa na bayansa ƙara shida.

Ta biyu wa'adin shekara 18, a riƙa naɗa mutum ɗaya duk shekara biyu, kowane shugaba ya samu biyu a zango. Idan alƙali ya rasu, wanda zai gaje shi ya ƙarasa ragowar wa'adin kawai, ta yadda mutuwa ba za ta ƙara wa kowa riba ba. Biden ya goyi bayan wannan a Yulin 2024. Mu ma muna ganin ita ce ta fi kama tushen ciwon, kuma ba baƙon abu ba ne: cikin jihohi 50, Rhode Island ce kaɗai ke barin alƙalan babbar kotunta ba wa'adi ba shekarun ritaya, Jamus kuma na ba alƙalan kotun tsarin mulkinta shekara 12 ba sabuntawa. Cikas ɗin shi ne yawancin masana na ganin sai an gyara kundin tsarin mulki, wato kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38. Masu cewa doka kaɗai ta isa, a mayar da tsofaffin alƙalai ƙananan kotuna, sun san cewa kotun da abin ya shafa ita za ta yanke halaccin dokar.

Ta uku ita ce a ɗaure majalisa da wa'adin yin ƙuri'a, kuma in babu ita ta biyun ma ba za ta yi aiki ba, don majalisar adawa na iya ƙin duban sunayen biyu. Jihar Hawaii na da irin wannan: idan majalisar dattawanta ba ta ƙi wanda gwamna ya naɗa cikin kwanakin da aka ƙayyade ba, an ɗauka ta amince. A matakin tarayya, idan aka sa shi a dokokin cikin gida na majalisa, sanatoci 51 na iya share shi kamar yadda aka share sharaɗin 60.

Buƙatar wa'adin yin ƙuri'ar na ƙara fitowa fili, domin toshewar ta fara wuce shekarar zaɓe. Rabon da majalisar da ke hannun 'yan adawa ta amince da alƙalin Kotun Ƙoli tun Thomas a 1991. A Yunin 2021 an tambayi McConnell ko zai bari Biden ya cike gurbi idan jam'iyyarsa ta karɓe majalisa. Ya ce da wuya ƙwarai a 2024, game da 2023 kuma, shekarar da ba ta zaɓe ba, ya ce sai an ga yadda hali ya yi.